Na Yanka Atamfar Umma

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi, ya raba mu da doguwar jinya. Mu nan sai godiya. Baban yara yana fama da hawan jininsa, yana shan magani ranar da ya ga dama. Auta ta gama jarrabawa, tana gida tana cika mana kunne da surutu. Ni kuwa gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya saukewa. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Idan na kira, za ki katse ni da faɗa kafin in kai tsakiyar magana, ni kuma kuka zai zo mini, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san shekara ashirin da uku ke nan ina kan keken ɗinki ɗaya a shagon uwar ɗakina, wadda muke kira Mai Almakashi, a jikin tagar nan, har ƙafafun kujerata sun yi rami a siminti. Abin da ba ki sani ba, ko kuma kin sani kika yi mini kara, shi ne ban taɓa yanka kayan mutane ba. Ko sau ɗaya. A shagonmu ita ke awo, ita ke zana alli, ita ke yankawa, mu kuma mu haɗa. Ɗinki idan ya karkace sai ki farke ki sake, ba wanda zai sani. Yanka kuwa, da almakashi ya wuce shi ke nan. Ta sha ce mini in zo in tsaya a tebur, ni kuma kullum da uzurina: yau aiki ya yi yawa, gobe kaina na ciwo. Da an shigo da leshi mai tsada sai in sunkuyar da kai kamar zare ne ya tsinke mini. Haka na yi ta zillewa har furfura ta same ni a kan kujerar.

To, bana hannun Mai Almakashi ya fara rawa, ga kuma yanar ido ta rufe mata ido ɗaya. Farkon watan nan ta kira ni bayan 'yan matan shago sun fita cin abinci, ta ce ita kam ta gama. Ta ce ko in karɓi tebur kafin wata ya ƙare, ko ta kira 'yar ƙanwarta ta miƙa mata shagon. Yarinyar nan sa'ar babbar 'yata ce, ta koyi yanka a makaranta, tana da nata masu ɗinkin da kekunan wuta, kuma ta taɓa faɗa a gabana cewa keken ƙafa ƙara kawai yake yi. Kin ga ke nan ba ni da wurin zama idan ta zo. Ina da shekara arba'in da tara a duniya, Yaya, in tattara zarena in koma gida in zauna ina kallon bango. Na ce wa Mai Almakashi ta ba ni kwana uku in yi tunani, ta ce shekara ashirin da uku ba su ishe ni ba?

A gida Baban yara ya ce in lallaɓa in tsaya a abin da na iya, wai a shekarunmu ba a fara sabon abu, kuma idan na ɓata kayan wata mai baki, ina za mu sa kanmu. Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ke raina ne ya fito ta bakinsa, shi ya sa ma ya fi mini ciwo. Auta kuwa cewa ta yi ai yanka ba komai ba ne, ta gani a waya. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Rana ta huɗu na ce zan gwada. Wata malamar makaranta, tsohuwar mai kawo mana aiki, ta kawo yadi huɗu tana son riga mai dogon hannu da siket. Na auna ta sau uku har ta fara dariya. Na shimfiɗa yadin, na zana alli tsaf. Amma da na ɗauki almakashi sai zuciyata ta ce, idan ya matse fa? Sai na kauce wa layin, na bar rara kamar yatsa uku. A kafaɗa na bari, a ƙugu na bari, a siket na ƙara har huɗu, wai don in samu abin gyara. Da na zo hannu na biyu, Yaya, yadi ya ƙare. Na juya ƙyallayen nan gaba da baya, babu wanda zai fitar da hannu.

Mai Almakashi ta taso ta shafa yankan da hannunta, tun da idon ba ya gani sosai. Ta bi layin allin da yatsa, ta bi inda na yanka. Na zaci zagi zan sha. Sai ta ce layina daidai yake, ko ita iyakar abin da za ta zana ke nan, amma na zana gaskiya na ƙi yarda da ita. Ta ce ta ga masu ɓata kaya da gaggawa, ta ga masu ɓatawa da rashin sani, amma ba ta taɓa ganin wadda ta cinye hannun riga da tsoro ba sai ni. Dole muka raba hannu ɗayan nan gida biyu, rigar ta koma mai gajeren hannu. Na faɗa wa malamar gaskiya da bakina, na ba ta haƙuri. Ta duba rigar, ta dube ni, ta sa a jaka ta fita. Har yau ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da na koma gida da yamma ban iya cin abinci ba. Ban san me ya kai ni ba, sai ga ni a gaban akwatin Umma. Kin tuna atamfarta shuɗiya mai ƙananan ganye, wadda take fitarwa ta shafa ta mayar, ta ce sai ranar da ta dace? Ta rasu tana juya zannuwa biyu koɗaɗɗu, ranar ba ta zo ba. Ke kika ce in riƙe ta tun da ni ce tela, ni kuma na riƙe ta shekara goma sha ɗaya ina canja mata kafur. Da na warware ta, duk inda ninki ya bi ya yi fari, launin ya tafi. Ba wanda ya saka ta, ba wanda ya wanke ta, a cikin akwati ta tsufa. Na ji haushin Umma, Allah ya jiƙanta ya gafarta mini, na ce wace irin ajiya ce wannan. Sai kuma na tuna rabin shekarun da atamfar ta yi a akwatin a hannuna ta yi su. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata.

Ranar Asabar da safe na riga kowa zuwa shago. Na ɗauki awonki daga rigar da kika manta a nan zuwanki na ƙarshe. Na shimfiɗa atamfar Umma, na juya ta yadda farin ninkin zai faɗa cikin ɗinki, na zana alli. Na yi bisimilla na sa almakashi a kan layin, a kansa sosai, ban kauce ko ƙwayar zarra ba. Ina cikin yankan wuya Mai Almakashi ta shigo, ta zauna a kujerata. Da na gama ta shafa gefunan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga hannuwa ta ji biyu ne. Sai ta leƙa waje ta kira kafintan da ke maƙwabtaka da mu, ta ce ya rage ƙafafun teburin yanka da yatsa huɗu, don mai teburin yanzu gajera ce. Ina tsaye ya sa zarto.

Kada ki zaci tsoron ya tafi. Yana nan daram. Ƙafafuna suna kumbura da tsayuwa, kuma jiya ma na kama kaina ina kauce wa layi a rigar wata yarinya, sai da na dawo da almakashin. Na gaji, Yaya, kuma ban sani ba ko masu kawo aiki za su yarda da hannuna. Amma teburin an riga an yanke shi, ba mai mayar masa da ƙafa.

Ki yafe mini da ban shawarce ki ba, don atamfar tamu ce mu biyu. Na san da na tambaye ki za ki ce in bari tukuna, ni kuma da gudu zan bari. Rigar tana cikin ƙunshin da ya zo da takardar nan. Akwai ɗan fari a ƙarƙashin hammata ta hagu, ban iya ɓoye shi ba. Ban bar rara ba ko kaɗan, saboda haka idan kin ƙara ƙiba, sai ki rage cin dare.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban Yaya idan kun yi waya, da takwarar Umma da ƙannenta, da surukarki mai jiki, Allah ya ba ta lafiya. Baban yara da Auta suna gaishe ku.

Abu ɗaya nake roƙo: ranar da rigar ta iso, ki saka ta, ko da kicin za ki shiga. Kada ki sa ta a akwati, Yaya.

Wassalam,
Ƙanwarki, Gajera.