Farar Masarar Walewale

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ce Zuera 'yar Ziblim, mai sayar da hatsi a kasuwar Nima shekara arba'in da ɗaya. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini wuya, amma hankalina yana nan daidai. Ni nake faɗa, 'yata Hafsa tana rubutawa. Saƙon naku ne, Fuseini, Abdul-Razak, da ke Hafsa.

Na ɗaya. Gidan Maamobi da rumfar kasuwa a raba su yadda shari'a ta ce, a gaban limamin unguwa.

Na biyu. Akwai shuɗin duro a ɗakina, cikinsa irin farar masara ne gauraye da toka saboda ƙwari. Mahaifiyata ta ba ni irin a Walewale ranar da zan taho Ankara, tun lokacin nake sabunta shi. Bai kai irin kanti cika buhu ba, amma yana jure fari. Hafsa ta riƙe shi. Kada a niƙa. A shuka duk shekara ko da kunya goma ce, domin in ya daɗe a zafin ɗaki ba ya tsira. A nisanta shi da masarar maƙwabta, iska tana gauraya su.

Na uku. Fuseini, wannan naka ne. Shekara biyar ke nan na auna muku iri, kai da ƙaninka. Abdul-Razak ya shuka a Ejura ya sami buhu goma sha ɗaya. Kai ka shuka a gonarmu ta Dodowa ka tashi da uku. Ka ce na zaɓa masa mai kyau na bar maka ragowa, kuma tun ranar ba ku ci a kwano ɗaya ba. Daga duro ɗaya na ɗiba, da gwangwani ɗaya. Da damina ta zagayo na ɗebi girbin kowannenku, na sa aka shuka su kunya kusa da kunya a Ejura. Tsayinsu ɗaya, goyonsu ɗaya. Gonar Dodowa ce ta mutu. Masu haƙar yashi sun kwashe baƙar ƙasar gefenta, zaizaya ta ci sauran, ruwa kuma ya ɗauke daidai lokacin da masara take fitar da gemu. Da na gaya maka haka, sai ka tashi ka fita. Yau ina maimaitawa daga shimfiɗar da ba na zaton zan tashi.

Na huɗu, shi ne mai hana ni sukuni. Kun tuna Ɗanbala, wanda ya yi mini noma shekara goma sha biyu. Wata shekara na sayo sabon iri a kanti, ya ba mu buhu ashirin. Na ce a ajiye daga ciki don baɗi. Ya ce irin kanti ba a maimaita shi, na ƙi ji. Masarar ta fito wata doguwa, wata gajeruwa, rabi ba goyo. Na ce ya sayar da irina ya shuka abincin kaji. Na kira shi ɓarawo a tsakiyar kasuwa, mutane suna kallo. Ya ajiye fartanya ya tafi. Daga baya wani malamin gona ya yi mini bayani cewa irin haɗi ne, haihuwar farko ce kawai mai ƙarfi, ta biyu watsewa take yi. Na san gaskiya, girman kai ya hana ni zuwa. Bara waccan ya rasu.

Matarsa Kaltume tana sayar da koko a Sabon Zango. Ku je ku uku, ku faɗa a gaban mutane cewa mijinta bai taɓa ƙwayar kowa ba, uwarku ce ta yi masa ƙazafi. Daga sulusin dukiyata a riƙa kai mata buhu biyu na masara kowace kaka. In ta ƙi karɓa kada ku matsa mata, tana da hakki.

Na biyar. Kada a sayar wa masu yashi gonar Dodowa. A zuba mata taki, a shuka wake da gyaɗa shekara uku. Wataƙila ta farfaɗo, wataƙila ba za ta farfaɗo ba.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, ku ma ku yafe mini. Fuseini da Abdul-Razak, ku biyu za ku saka ni a kabari, ɗaya ta kai, ɗaya ta ƙafa, kuma ku gaisa kafin ku ɗauke ni. Kada ku bar Hafsa tana yawo tsakanin gidajenku da saƙo. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ji ƙan Ɗanbala, ya sassauta mini ranar da zan tsaya a gabansa.