Katunan Ɗakin Zomaye

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni dai gwiwa ce, ta ƙi ni na ƙi ta. Tela maƙwabcina ke rubuta min, wai in taƙaita, ɗinki na jiransa.

Ana neman korata daga ɗakin zomaye. Kin san aikin: likita takan fesa wa wasu ƙwayar cuta a hanci, ta bar wasu lafiya, daga baya a yanka a duba maƙogwaro. Ta taɓa nuna min a madubinta mai ƙara girman abu. Akwai wasu 'yan gashi masu share majina, cutar kan aske su tas, wurin ya ɗaye kamar bangon da ruwa ya ci. To, wannan karon an tarar da masu katin lafiya a aske, masu katin cuta garau. Wai ni na rikita katunan da ke jikin kejinsu ranar wankin keji. Aikinta na shekara biyu zai tafi a banza, har ta rame.

Ban taɓa katin kowa ba, kuma ba zan ba da haƙuri ba.

Babanki, Mai Zomaye.

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ku duka. Saƙonki ya iso, ki daina kuka.

Na sami likita na lissafa mata zomayen nan ashirin da huɗu da ka: mai yagaggen kunne, farin nan mai cizo, wanda aka fesa wa da wanda aka bari, da ranar da kowanne ya fara atishawa. Ta gwada da hotunan ranar farko, ko ɗaya ban kuskure ba. Aikinta ya tsira. Da ta tambayi dalilin da ban ambaci lamba ba, na gaya mata gaskiya: shekara talatin da ɗaya ina aikin nan, ban taɓa karanta kati ba, ban iya ba.

Baiwar Allah, don ta yabe ni, sai ta sa wannan a takardar da ta aika ofis. Suka ce wanda bai iya karatu ba ba zai riƙe dabba mai cuta ba. Ƙarshen wata zan ajiye makulli.

Na gaji. Ki share min ɗakin baya. Magajina a aikin ya zo jiya, karatu kam ya iya, amma da kunne ya ɗaga zomo. Saura kwana tara, ko riƙon zan koya masa.

Babanki, Mai Zomaye.