Na Ware Maka Su Launi-Launi

Zuwa gare ka, maginina, rabin raina, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara ashirin da shida ban san zafin rana ba. Ruwan randata mai sanyi, uban 'yata, abokin faɗana kuma abokin dariyata, wanda gyaran muryarsa kaɗai daga ɗaki ya isa ya gaya min gida lafiya. Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa.

Yau kwana ashirin da uku ke nan da ka ɗauki 'yar jakarka ka ce za ka yi kwana biyu a gidan ƙaninka. Kwana biyu! Kai da ka yi shekara talatin kana koyar da lissafi, haka biyu take a wurinka? Na kuma san ba idonka ne zai bi waɗannan layuka ba, bakin wani ne zai kai su kunnenka. To, ƙanin miji, kai da aka ɗora wa wannan aiki, ji ni da kyau: ka karanta masa duka, kada ka tsallake ko wasali ɗaya. In ka zo inda kunya ta kama ka, sunkuyar da kai ka ci gaba. Ni na riga na ajiye tawa kunyar, ba ta tsinana min komai ba.

Masoyina, ka tuna yadda abin nan ya shigo mana gida? Kwali ɗaya ne, ɗan ƙarami, ka sayo wa 'yarmu tana da shekara biyar: 'yan bulon roba na wasan yara, masu haƙora a ka, waɗanda ake dannawa su kama juna. Yarinya ta yi wasanta na wata biyu ta watsar. Uban ne ya kasa tashi daga kan tabarma! Ta girma, ta gama makaranta, ta yi aure ta tafi, kai kuwa kana nan kana gina gada. Kwali ya zama kwalaye, kwalaye suka zama kabad mai 'yan durowa arba'in, ɗakin baƙi ya zama ɗakinka, teburin cin abinci ya zama tashar jirgin ƙasa. Shekara huɗu muna cin abinci da faranti a kan cinya, saboda wai jirgi bai gama isowa ba.

Na yi mita, ban musa ba. Wa zai ƙi yi? Na tsince su a aljihun wandonka wajen wanki, na tsince su a magudanar ruwa, na tsinci ɗaya a cikin gwangwanin sukari. Sau nawa na taka ɗaya da sassafe ba takalmi, na ƙwalla ƙara har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko kunama ce? Kai kuwa, mugu, sai ka fara duba ko bulon ya tsage kafin ka tambayi ƙafata. A irin wannan safiya ce na ce maka na gaji da tuntuɓe da tarkacenka a gidan nan. Na faɗa, na manta kafin ruwan shayi ya tafasa. Ashe kai ka ɗauka ka adana.

Amma akwai yammacin da ba na mantawa. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wuta ta ɗauke, ka ja teburinka kusa da taga kana haɗa babbar gadar nan mai baka uku. Ka kira ni, ka ce in riƙe maka ginshiƙi ɗaya kada ya goce. Na zo ina gunaguni, hannuna duk sabulu. Ka ɗora yatsunka a kan nawa, ka ce in danna a hankali har sai na ji ya ce ƙas. Da ya kama, ka ɗago ka dube ni da irin kallon da ka yi min ranar da aka fara nuna maka ni, kamar ni na gina duniya. Wayyo, farin cikin raina! Sau ɗaya tak na taya ka a shekara ashirin, kuma wannan sau ɗayan ya fi min kwanaki dubu daɗi. Me ya hana ni ƙarawa? Girman kai ne kawai, da tsoron kada ƙawaye su ce ni ma na zare.

Yaya aka yi ban gane ba? Ina kwana da tambayar nan ina tashi da ita. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa kullum ina kallon fuskarka ban tambaye ta komai ba. Bara ka daina buɗe littafin da ke nuna yadda ake haɗawa, ka ce gwani ba ya bukatar littafi, na ce sannu gwani. Ka gina bango ja, ka dasa masa koren bulo a tsakiya, na yi ta dariya ina cewa tsufa ya fara taɓa Malam, ka taya ni dariyar. Ka zuba shayi a gefen kofi, na ce hankalinka na wurin jirgi. Ka daina tuƙi, ka ce tafiya a ƙasa ta fi maka lafiya. Duk na haɗiye! Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai ranar da ka ce za ku je asibiti da ƙaninka a duba hawan jini, za a kwantar da kai kwana biyu, ka hana ni bin ka. Na ce bari in yi wa bawan Allahn nan abin da ban taɓa yi masa ba. Na shiga ɗakinka da tsintsiya da tsumma, na jawo durowa ta farko, na riƙe baki. Ja da shuɗi da rawaya da fari duk a cakuɗe! Na jawo ta biyu, haka. Ta goma, haka. Na ce Allah sarki, namiji dai namiji ne, shekara da shekaru yana fama cikin hargitsi ba mai gyara masa. Na shimfiɗa zanin gado a tsakar ɗaki, na zazzage durowa arba'in a kai. Na wanke su tas, na shanya, na zauna kwana biyu har bayana ya ƙage ina warewa: ja a nan, shuɗi a can, kore gefe guda. Na ga wasu zarurruka da ka ɗaɗɗaura a mariƙin kowace durowa, wani ƙulli biyu, wani huɗu, wani takwas. Na ce wannan kuma wace irin ƙazanta ce, na sa almakashi na datse su duka. Da na gama na ja da baya ina kallo, ɗaki ya yi kyau kamar kanti, ina ta yaba wa kaina.

Ka dawo da hantsi. Ko ruwa ban bari ka sha ba, na kama hannunka na ja ka har gaban kabad ina cewa zo ka ga abin mamaki. Ka miƙa hannu ka shafa mariƙin durowa, ka tsaya. Ka shafa na kusa da shi, ka tsaya. Ka jawo ta, ka zura yatsunka ciki kana motsawa, kana motsawa, ni kuwa ina tsaye a bayanka baki har kunne ina jiran yabo. Ka ɗauko guda ɗaya ka kai shi saitin taga, ka matso da shi har ya kusa taɓa hancinka. Ka daɗe a haka. Sannan ka mayar, ka rufe durowar a hankali, ka ce min sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Har haushi na ji, wallahi, na ce a raina iyakar godiyar ke nan? Washegari ka ɗauki jaka.

Kada ka yi wa ƙaninka faɗa. Ni na tsare shi a bakin shagonsa, na ce ba inda zan motsa sai ya yi magana. Shi ya gaya min ba hawan jini ba ne, ido ne. Na hagu ya tafi tun bara, na dama kuma saura ɗan haske kamar na ƙofar da aka kusa rufewa, likita ya ce jijiyar ce take mutuwa, ba aikin da zai dawo da ita. Shi ya gaya min abin da na kira hargitsi shi ne tsarin. Shekara guda cur ka yi kana ware su bisa siffa, mai haƙori biyu da ɗan'uwansa, mai huɗu da ɗan'uwansa, faffaɗa da faffaɗa, kana ƙulla zare don yatsunka su karanta, kana shirya wa kanka wurin zama kafin duhu ya gama sauka. Kai kaɗai, a ɗakin da ke taku biyar daga kicin ɗina! Ni kuma na zo cikin kwana biyu na rushe, na jera maka su bisa abu ɗayan da ba ka iya gani.

Wannan na ɗauka, laifina ne, kuma na yi kukansa har na gode Allah. Amma akwai maganar da ba zan ɗauka ba. Wai ka ce shekara ashirin ina tuntuɓe da tarkacenka, ba za ka dawo ka zama wani abin tuntuɓen ba. Haba, uban 'yata! Haba, sanyin zuciyata! Ni za ka yi wa haka? Maganar da zafin ƙafa ya fitar daga bakina ita za ka auna zamanmu da ita? Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ka taɓa jin harshe ya tattara kayansa ya koma gidan ƙaninsa? Wa ya yi jinyata wata uku lokacin da na karye, yana ɗaura min ɗankwali a karkace yana cewa ya yi kyau? A lokacin ni tarkace ce? Ka zauna da ni a lalurata, ka hana ni zama da kai a taka? Ina fushi da kai, ka sani. Ina fushi, kuma ina son ka, son da ya fi na ranar farko nauyi, don na ranar farko bai san komai ba.

Gidan nan ya yi min faɗi. Ina tafiya ba takalmi daga ɗaki har kicin, ba abin da ke sukata, kuma wallahi ban taɓa tsanar ƙasa mai tsabta irin yanzu ba. Ba na jin ƙarar nan ta hannunka cikin durowa, wadda nake cewa tana hana ni jin rediyo. Na kashe rediyon ma. Nakan dafa na mutum biyu, sai na zo zubawa in tuna. 'Yarmu ta kira sau uku tana tambayar Baba, na ce ka fita, don ba ni ce zan gaya mata abin da ya kamata ta ji daga bakinka ba.

To ji abin da na yi da kwanakin da ka bar min. Na sake shimfiɗa zanin gadon, na sake zazzage su. Da farko na gwada da ido a buɗe, sai na ga launi yana ta ruɗa ni, hannuna na kai ja wurin ja ba da sanina ba. Sai na cire ɗankwalina na ɗaure fuskata. Ranar farko na kasa bambanta mai shida da mai takwas, na yi jifa da su, na zauna na yi kuka a cikin ɗankwalin, don a ranar na ɗanɗana ɗan kaɗan daga abin da ka sha kai kaɗai kana taya ni dariya. Rana ta uku yatsuna suka fara ƙirga haƙora da kansu. Kwana goma sha shida na yi. Fatar yatsuna ta yi kanta, farcena biyu sun karye. Na mayar da zare a kowane mariƙi, ƙulli biyu, ƙulli huɗu, ƙulli takwas, da zare mai kauri don kada ka wahala. Ba lallai ya zama daidai da naka ba, za ka sami abin gyarawa, kuma na yarda ka yi min mita har ka rama ta shekara ashirin.

Ka dawo, maginina. Siffa taka ce, launi nawa. Ka miƙo hannu ka ce mai huɗu, in ce maka wannan kore ne, ga jan. In kuma ka ga dama ka dasa kore a tsakiyar jan bango, bakina alaikum, ba zan ce uffan ba. Zan zauna a gefenka a teburin nan har mu gama cin abincin rayuwarmu a kan cinya.

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Akwai guda goma sha ɗaya da na juya, na shafa, na rasa danginsu, ba su da haƙora irin na sauran, wani a lanƙwashe, wani da rami a gefe. Goma suna nan a cikin faranti a kan teburinka. Na goma sha ɗayan yana cikin ambulan ɗin nan. Ƙanin miji, zazzage masa shi a tafin hannu. Taɓa ka ji, masoyina. Na san kafin ka rufe hannunka ka riga ka san durowarsa. Kada ka aiko min da amsa a bakin kowa, ba zan saurara ba, kuma ba zan karɓe shi daga hannun kowa ba. Ka kawo shi da kanka, ka kama yatsuna ka nuna min inda yake zama.

Taka ce ni, da ido da babu ido, a wannan gida da wanda ke gaba in Allah ya yarda, har ranar da za a rufe nawa idon.

Matarka, mai yawan mita, wadda ƙofarta ke buɗe.