Mai Tuba Duk Asabar

Zuwa ga Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Katsina baki ɗaya. Na san za ka ce me ya hana ni kiranka, na zo ina tallar kaina a bainar jama'a da buɗaɗɗiyar wasiƙa. To, irina suna da yawa a ƙasar nan, bari su ma su karanta.

Ka tuna ranar da ka taso daga unguwarku ta Small Heath har gidana a Moss Side, nan ƙasar Turawa, wai ka zo cin tuwo? Ka tarar da ni ina zufa a kan waya, ina cacar ƙwallo, wasu 'yan wasa da ba su san ina duniya ba suna cinye kuɗin bizar Maryam. Shekara biyu matata tana Kano tana jira, kullum sai in ce mata matsalar takardu ce.

Ba ka yi mini wa'azi ba, don ka san na fi ka haddace ayoyin. Cewa ka yi in buɗe app ɗin cacar a wayata, in sa iyakar abin da zan iya zubawa a mako. Ni kuwa na hau kujerar na ƙi. In sa iyaka? Ai na ƙulla niyyar komawa ke nan, ni da na riga na tuba! Ka yi dariya har ka ƙware, ka ce, "Nura, wannan tuban muzuru ne, duk Asabar ake sabunta shi."

Wallahi na ji haushinka. Amma ka rantse ba za ka taɓa tuwon ba sai na sa, kuma da hannuna na tuƙa shi. Na sa fam goma.

Asabar ta gaba na lallaɓa zan ƙara. App ɗin ya ce sai na jira kwana guda. Kafin nan an tashi wasan, zuciyata ta huce, ƙungiyar da na so bi kuwa an yi mata lilis. Ban taɓa murnar an hana ni abu kamar ranar ba.

Goma ta koma biyar. Bayan ka koma gida Katsina na rufe kaina daga shafukan caca gaba ɗaya, na sa banki ya toshe hanyar. Na kuma gaya wa Maryam gaskiya. Kwana uku ba ta ɗaga wayata ba. A na huɗu ta ce duk Juma'a in riƙa turo mata hoton asusuna, har yau ban kuskura na fasa ba.

Yaya, ina kewarka ƙwarai. Kai ka fara sanin abin kunyata, kuma ba ka taɓa kai shi ko'ina ba.

Biza ta fito. Asabar ɗin nan jirginta zai sauka ƙarfe uku na rana, daidai lokacin da ake take wasa. Ban ma san su wa ke bugawa ba.

Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, Ya raya maka zuri'a, Ya ba masu irin ciwona ɗan'uwa mai naci kamarka.

Ƙaninka,
Nura