Takardu Biyu da Muryar Babanku

Assalamu alaikum, 'yata Ni'imatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa albarka a karatunki. Yayanki Lukmanu da iyalinsa lafiya lau, 'yarsa Kulu ma ta warke daga zazzaɓi. Babanku ne dai jiki ya ƙi, tuwo ba ya wucewa sai kunu.

Ciwon dajin nan na maƙogwaronsa, an ce gashi za a yi masa da na'ura. Kwana goma muka yi muna jira, wai kwamfuta tana lissafi. Sai na tuna wannan ne karatun da kika tafi yi, wanda na riƙa cewa ba ya cika tukunya. Ki yafe mini. Likitar ta ce hasken na'urar ta kusurwa tara zai shiga, kowace da nata ƙarfi, kuma an gwada hanya dubbai don ya taru a kan ciwon ya bar lafiyayyen nama, amma ba a samu wadda ta tsare komai ba. Takardu biyu aka ba mu, kowace da nata tsarin gashin. Ta farko ta fi ƙone ciwon, sai dai tana iya tafiya da muryarsa. Ta biyu ta sassauta wa muryar, amma ciwon ya fi samun ƙofar dawowa.

Babanku bai yi mamaki ba. Ya ce shekara talatin yana ban ruwa a Kadawa, ya san ruwa ba ya isa kwamin ƙarshe sai ya jiƙa na farko. Duk da haka ta biyun ya zaɓa, wai wa zai kira salla a masallacinmu. Na ce masallaci ba ya rasa ladan, ni ce zan rasa miji. Tun ranar bai sake ɗaga maganar ba. Ɗazu ya kira la'asar, muryar a dushe, na ajiye tsintsiya na saurara har ƙarshe. Ni ma ban san yadda gidan nan zai zama babu ita ba.

Lambobin takardun na kwafe su a baya, sau uku na duba, Lukmanu zai turo miki hotonsu. Ki duba ko lissafinku yana da hanya ta uku. In babu, ki gaya masa gaskiya, ke yake saurara. Ki gaida abokan karatunki Saliha da Taufiq. Alhamis mai zuwa zai sa hannu, don Allah amsarki ta riga ta zuwa.

Mahaifiyarki,
Barira