Waken da Ya Ƙi Dahuwa

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da su Yaya? Ni lafiya lau nake, ramar da kika gani laifin hoto ne.

Tunda abin ya wuce, bari in faɗa miki. Irin waken da na shekara uku ina haɗawa, wanda ƙwari ba sa ci, manoma sun shuka sau ɗaya, suka ƙi sakewa. Shugabanmu ya ce in ba a gano dalili ba za a rufe aikin. Na auna ƙasa, na auna ruwa, ban ga komai ba. Abinci ma sai da ya ɗan fita raina.

Sai wata abokiyar aikina, wadda bincikenta zama da mutane ne, ta shiga gidajen manoman. Da ta dawo ta ce, "Malam, ka taɓa dafa waken nan?" Na ce ban taɓa ba. Ashe sai ya cinye itacen kwana biyu kafin ya dahu! Masanin sinadaranmu ya duba, ya ce ɓawon ne ya yi kauri. Mu uku muka haɗa kai muka zaɓo mara kaurin. Jiya matan manoman suka dafa, suka ce a kawo musu iri. Alhamdulillahi, an bar mana aikin.

Don Allah kada Baba ya ji, sai ya shekara yana min dariya. Ki turo min yadda kike gane wake mai saurin dahuwa a kasuwa, don ba a koya mana wannan a jami'a ba. Allah ya ƙara miki lafiya.

Autanki