Harafin da Ya Fara Ɓacewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana, Malam Attahiru. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka Luba ce ke rubuto maka daga gida Wurno. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke damunta. An samu ruwa bana, shinkafar fadama ta yi kyau, amma mutanen ƙauyukan Rabah da sunka gudo wurinmu har yanzu ba su koma ba. Na san wasiƙar ga ba za ta iske ka ba. Zan sa ta a shafina inda kowa zai karanta, don akwai maganar da na kasa faɗa ma kowa baki da baki, kai kuwa ka saba jin tawa kafin kowa.

Ka tuna ranar da ka dawo daga Sakkwato da kibod ɗin nan na kwamfuta cikin kwali, ka rungume shi a mota kamar jinjiri? Lokacin shagonka na buga takardu ya fara kama ƙasa. Takardun neman aiki, tambayoyin jarrabawa, katin biki, duk wurinka ake kawowa. Ka ce yatsun da ke ciyar da gida sun cancanci abin kirki. Ka cire hular maɓalli guda ka nuna mini abin da ke ƙarƙashi, wani ɗan akwati da bai fi ƙwayar gurjiya ba, ka ce sunanshi suwic, cikinshi kuma akwai ɗan sifirin da ke maido da maɓallin sama.

Kana da gwangwanin madara cike da su, iri-iri. Ka sa na rufe ido na danna guda uku. Na farko ya yi ƙas. Na biyu yana da ɗan tudu a tsakiya, sai ka tura ya wuce. Na uku kuwa ya sauka kai tsaye, kamar an sa yatsa cikin man shanu. Shi ka zaɓa, mai santsin. Na yi ta yi maka dariya. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Maza suna Goronyo wajen albasa, nawa ɗan shina nan shina tsintar tsakuwa."

Ranar Juma'a bayan masallaci kakan zauna gindin dogon yaro da faranti a cinya. Ka buɗe suwic ɗaya bayan ɗaya, ka shafa ma cikinshi giris da wani ɗan buroshi mai kamar na kwalli, ka rufe, ka kai kunne ka danna. In ka ji ɗan ƙaiƙayi sai ka sake buɗewa. In na zo taya ka don zolaya sai ka ce, "Kaɗan, Luba. In kin ga giris da ido, ya yi yawa." Ban taɓa ganin mutum ya natsu da abu kamar yadda kake natsuwa da wanga aiki ba.

Harafin a ne ya fara ɓacewa. Wani malamin makaranta ya maido da tambayoyin da ka buga mishi, kalmomi duk sun yi giɓi. Hausa kuwa ba ta rubutuwa babu a. Ka ce laifin suwic ne, ka canza shi. Ka sake canzawa. Ka buɗe, ka wanke, ka sa sabon sifirin. Ni na danna, harafin ya fito lafiya lau. Kai ka danna da ƙaramin yatsanka na hagu, bai fito ba. Munka dubi juna. Ka mayar da hannun cikin aljihu ka ce gajiya ce.

Daga nan buta ta fara suɓuce maka wajen alwala. Sai maɓallin riga. Gwaggo ta aiko da saiwoyi daga Dinawa, anka yi rubutu, anka yi hayaƙi. Da munka je babban asibiti a Sakkwato, likita ya buga gwiwarka da ɗan guduma, ya duba harshenka, ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka ne ke mutuwa a hankali. Na tambaye shi maganin. Ya daɗe yana gyara takardun gabanshi kafin ya ce babu. A mota, da munka wuce Achida, sai ka ce, "Akwai sifirin da ya fi wanga taushi. Sai mu aika a kawo."

Haka na zama hannuwanka, Yaya. In na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in ɗauki farantin in zauna kusa da kai. Kai ke faɗi, ni ke yi. Ka koya mini yadda ake kama ɗan sifirin da matsefata kar ya yi tsalle ya ɓace cikin yashi. Sau nawa munka yi rarrafe ni da Inna muna laluben abin da bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Kayan daga Legas suke zuwa, su tsaya tasha a Sakkwato, wani lokaci su daɗe can don direbobi sun ji labarin hanya sun ƙi tasowa. Kafin su iso, hannun ya riga ya ƙara sauka.

Da farko haruffan gefe kaɗai munka sassauta, na ƙananan yatsu. Sifirin mai ƙarfin giram arba'in da biyar munka cire, munka sa na talatin da biyar. Harafin a ya dawo. Ranar nan ka buga shafi guda cur ba kuskure, ka sa na karanta ma Inna da ƙarfi, ko da yake takardar sayar da gona ce ta wasu mutanen Kwargaba. Inna ta ce Alhamdulillahi, an samu sauƙi. Ba mu gyara mata ba.

Sauƙin bai wuce damina guda ba. Munka sassauta duka haruffan, munka sake sassautawa. Sai wata matsala ta fito: maɓallan sun yi taushi ƙwarai, har nauyin hannunka in ya kwanta bisa su yakan cika layi da harafi guda. Ba ka iya ɗaga shi da sauri. Masu kawo aiki sunka fara wucewa gaba, suna gaishe ka daga bakin ƙofa da kunya. Kai da kanka ka ce in sa kwaɗo a shagon.

Da harshenka ya yi nauyi, kibod ɗin ya koma bakinka. Mukan ɗora shi bisa filo, mu haɗa da waya, ka rubuta da yatsa guda. Ruwa. Juya ni. Inna ta ci abinci? Wata rana Liman ya zo dubiya, ka ɗauki lokaci mai tsawo kana rubutu, duk muna jira mu ji wasiyya, ashe tambaya kake ko an gyara lasifikar masallaci.

Na ciccire suwic ɗin da ba ka bukata don kar yatsanka ya riƙa faɗa musu. Lambobi sunka tafi, da alamomi, allon ya koma kamar bakin tsoho. Magana ta ƙarshe da ka rubuta cikakkiya, bayan na kwana biyu ina gyaran sababbin da sunka iso, ita ce: "giris ya yi yawa." Na yi dariya har hawaye sunka zubo, daga nan kuma na kasa tsayar da su. Gefen bakinka ya ɗan motsa. Na san dariya ce.

A ƙarshe maɓalli biyu kaɗai sunka rage, ɗaya na cewa i, ɗaya na cewa a'a. Babu sauran sifirin mai taushi da ake sayarwa. Na ɗauki abin yanke farce na rage tsawon wanda ke akwai, zobe ɗaya, zobe biyu. Da na rage na uku, maɓallin ya sauka bai ƙara tasowa ba. Na zauna da shi a hannu. Kana kallona, ni kuma ba ni da abin da zan sake gwadawa. Daga ranar sai ƙifta ido. Bayan la'asar ɗin wata Laraba, Inna tana shafa maka ruwa a leɓe, ka cika.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto.

Tun bayan sallar layya babban yatsana na dama ke rawa shi kaɗai, naman gindinshi yana motsi kamar akwai abu a ciki. Na ce gajiya ce, sai na ji kalmar a bakina na tsorata. Alli ya faɗi daga hannuna gaban ɗalibai. Na koma wurin likitan nan ni kaɗai. Ya ce ba zai yanke hukunci ba tukuna, sai an yi gwaje-gwaje, in dawo. Amma ya tambaye ni mi ya kashe Baba. Na ce ban sani ba, ina goye ya rasu. Da na dawo na tambayi Inna. Tana tsintar wake, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Hannu ne yaf fara. Kamar na Attahiru. Na yi ta roƙon Allah abin ya tsaya kan babanku."

Ban gaya mata nawa ba. Ina jin ta gani, don kwanan ga ba ta bari in ɗauki tukunya.

Ban gaya ma Sanusi ba shi ma. Ka san shi, mai sayen albasa na Goronyo wanda ka ce yana da kunya da yawa. An sa ranarmu bayan girbi. Ya gama rufin ɗaki, jiya ya aiko a tambaye ni kalar fenti. Zan gaya mishi cikin makon ga in Allah ya yarda, kuma duk abin da ya zaɓa ba zan riƙe shi a zuciya ba. Na ga abin da jinyar ga take ci. Ba zan ɓoye ma mutum ita ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, kai kana da ni. Inna ba ta ganin ramin allura, balle sifirin. Duk Wurno ban san wanda zai zauna ya buɗe suwic ya shafa mishi giris ba. Don haka na fara tun yanzu, tun matsefata tana kamuwa a hannuna. Na mayar da duk haruffan da na ciccire. Ina shirya suwic kashi-kashi, masu ɗan taushi, masu taushi, da na ƙarshe, kowane kashi cikin ledarshi da zare mai kala daban, yadda ko Inna za ta iya miƙo wanda na nuna. Jiya na gama kashi na biyu. Ya ɗauke ni lokaci fiye da na farko.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yalwata makwancinka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Allah Ya jiƙan Baba da ban sani ba. Allah Ya ba Inna ƙarfin zuciya. Ni kuma, in abin nan ne, Allah Ya bar mini harshena da kalmar shahada har ƙarshe, Ya ba ni rabin haƙurin da Ya ba ka. Wanda duk ya karanta, ya sa mu cikin addu'a.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Luba